Shaihu Abubakar Mahmud Gumi da Lambar Zinariya ta Sarki Faisal



A shekarar 1987 aka kira sunan wani malami daga ƙasar Hausa a nan birnin Riyad, a gaban shugabannin ƙasar da manyan malamanta, aka miƙa masa lambar yabo ta Sarki Faisal a ɓangaren hidima ga Musulunci. Malamin shi ne Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, Allah ya jiƙansa da rahama. Kusan duk wanda ya tashi a Arewa ya ji an ce Malam ya sami wannan lamba. Amma na lura, a zaman da nake yi da 'yan'uwa a unguwarmu ta Gubaira, da zarar an wuce wannan jimla guda sai magana ta tsaya. Wasu kan ɗauka kyautar kuɗi ce kawai irin wadda attajiri kan yi wa malami, wasu kuma kan yi zaton shaidar digiri ce. Abin da nake so in yi shi ne in bi rayuwar Malam har zuwa wannan rana, bayan na ɗan faɗi asalin al'adar karrama masu ilimi da zinariya, domin sai an san ma'aunin kafin a gane nauyin abin da aka auna.

Saka wa ma'abota harshe da alƙalami tsohon abu ne a ƙasar nan. Manfuha, wadda ke maƙwabtaka da mu, ita ce garin A'asha, shahararren mawaƙin Jahiliyya da ya riƙa kewaya fadojin sarakuna da baitocinsa yana dawowa da raƙuma da tufafi. Da Musulunci ya zo sai karramawar ta sami wata daraja dabam: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yafa wa Ka'abu ɗan Zuhairu mayafinsa bayan ya rera masa ƙasidarsa. Halifofin baya suka riƙe al'adar tufatar da malami da rigar girma, har masu tarihi na ba da labarin cewa Halifa Ma'amun kan auna littattafan da Hunainu ɗan Ishaƙa ya fassara zuwa Larabci, ya biya shi nauyinsu da zinariya. Mu ma a ƙasarmu abin da muka sani ke nan: alkyabba, rawani, doki da sirdinsa, daga baya kuma kujerar Makka. Malamai a tsakaninsu suna da tasu shaidar wadda ba ta bi ta fada, wato ijaza, inda malami kan rubuta wa almajirinsa izini tare da jerin waɗanda karatun ya biyo ta hannunsu.

Dunƙulen ƙarfe mai daraja da ake bugawa da suna da shekara, wanda kwamitin masana ke zaɓar mai karɓarsa, wannan daga Turai ya fito, kuma masu binciken halittu da lissafi ne suka riga kowa cin moriyarsa. Ƙungiyar masana ta Royal Society a Ingila ta fara ba da kyautar Copley tun 1731. Masu nazarin harshe da adabi da tarihi da addini sun daɗe suna jira kafin a waiwaye su. A 1842 Sarkin Farusiya, a ƙasar Jamus ta yau, ya buɗe wa masana da masu fasaha wani reshe na lambar girman da a da ta sojoji ce. Makarantar masana ta British Academy, wadda aka kafa a 1902 domin waɗannan fannoni, ta fito da nata lambobin a hankali, har da ta Burkitt ga masu nazarin Baibul. Kyautar Nobel, wadda aka fara a 1901, tana karrama mai ƙirƙirar adabi, amma ba ta ware gurbi ga wanda ya ƙare rayuwarsa yana tantance tsofaffin rubuce-rubuce ko yana warware nahawu ba. Malamin fiƙihu ko hadisi kuwa, ko da Turawa sun yi nazarin littattafansa an ba su lamba a kai, shi kansa ba ya cikin lissafi.

Wannan giɓi ne 'ya'yan Sarki Faisal suka nufa. An kashe mahaifinsu ranar 25 ga Maris 1975, aka binne shi a maƙabartar Ud, wadda ba ta da nisa da Gubaira, a kabarin da ba gini ba rubutu, kamar yadda al'adar ƙasar take. Maimakon hubbare sai suka kafa gidauniya da sunansa a 1976, gidauniyar kuma ta kafa kyautar da aka fara bayarwa a 1979. Da fannoni uku ta soma: hidima ga Musulunci, nazarin Musulunci, da adabin Larabci. Likitanci da kimiyya daga baya aka ƙara su, wanda ya juya tsarin Turai kansa ƙasa, domin a nan alƙalami ne ya riga madubin bincike shiga zaure. Mai karɓa yakan sami takardar shaida da aka rubuta da hannu cikin rubutun Diwani, da lambar tsantsar zinariya mai nauyin giram 200, da kuɗin da a yau ya kai riyal 750,000. Mutum ba ya gabatar da kansa, jam'iyyar siyasa ma ba ta gabatar da kowa. Jami'o'i da cibiyoyin ilimi ne ke aiko da sunaye. A shekarar farko Abul A'ala Maududi ya karɓi ta hidima, Fu'ad Sezgin ɗan Turkiyya kuma ya karɓi ta nazari saboda tarin kundinsa na tarihin rubuce-rubucen Larabci. Abin sha'awa, a wannan shekara ta 1979 ne Nijeriya ma ta kafa tata lambar ta ƙasa domin masana, Chinua Achebe yana cikin waɗanda suka fara karɓa.

To, wane ne mutumin da aka kira a 1987?

An haifi Abubakar a farkon shekarun 1920 a garin Gummi, wanda a lokacin ke cikin lardin Sakkwato, yau kuma cikin Jihar Zamfara. Mahaifinsa, Malam Mahmudu, malami ne kuma alƙali, a gabansa yaron ya fara karatun allo da ƙananan littattafan fiƙihu. Daga nan aka sa shi makarantar boko a Dogon Daji, ya wuce Midil ta Sakkwato, inda ya yi zamani da Shehu Shagari, kuma ya zauna gaban Malam Junaidu, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. A wancan zamani ɗan malami da ya shiga boko yana tafiya ne da zargi a bayansa da kuma zargi a gabansa: mutanen gida suna ganin an sayar da shi, Turawa suna ganin ba za su taɓa mallakar zuciyarsa ba. Wannan tsaka-mai-wuya ita ce ta ƙera shi.

Bayan Midil ya tafi Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka buɗe a 1934 da malamai daga Sudan domin horar da alƙalai, wadda kuma aka mayar Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A nan ya ga wani salon karatu dabam da na zaure: aji da allo da jarrabawa, Larabci a matsayin harshen da ake magana da shi ana rubuta wasiƙa, ba na bitar matani kaɗai ba. Ya ɗan taɓa aikin kotu a Sakkwato, bai ji daɗin abin da ya gani ba, ya koma koyarwa. A 1949 aka tura shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru, inda ya tarar da Malam Aminu Kano. A can ne ya fara jan hankalin manya, sa'ad da ya ƙi yarda da limamin da ke yin taimama alhali ga ruwa kuma ba wata lalura bayyananniya, ya kuma hana ɗalibansa binsa salla. Maganar ta kai har gaban Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Matashin malamin makaranta ya ja da limamin gari a ƙasar Sakkwato ta wancan lokaci, ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wanda ya san Malam a tsufansa zai gane halin tun daga nan: idan ya ga nassi a gefe guda, al'ada a ɗaya gefen, ba ya neman hanyar tsakiya.

A tsakiyar shekarun 1950 gwamnatin Arewa ta tura shi da wasu abokan karatunsa, cikinsu har da Halliru Binji da Shehu Galadanci, zuwa cibiyar horon malamai ta Bakht al-Ruda a Sudan. Turawan mulki sun fi natsuwa da Sudan a kan Masar, don gudun kada samarin su shaƙi iskar siyasar Alƙahira ta zamanin Nasar. Daga Sudan ya yi hajjinsa na farko a 1955, a can kuma hanyarsa ta haɗu da ta Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda ke bukatar mai yi masa tafinta da Larabawa. Ba da daɗewa ba aka naɗa shi jami'in kula da alhazan Nijeriya a Jidda. Mu da ke zaune a ƙasar nan mun fi kowa sanin abin da wannan aiki ke nufi: tsoho ya ɓace a Mina, guzuri ya ƙare, takarda ta salwanta, wani ya rasu ba a san danginsa ba. Shekarun da ya yi yana wannan hidima su ne suka buɗe masa ƙofofin malamai da mahukuntan Saudiyya, dangantakar da ta ɗore har ƙarshen rayuwarsa.

Da ya koma gida sai ya zama mataimakin Alƙalin Alƙalai na Jihar Arewa a 1960, ya hau kujerar kanta a 1962. A shekarar ne aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna, yana cikin waɗanda suka aza tubalinta, a shekarar ne kuma aka kafa Rabiɗa a Makka, inda shi da Sardauna suka kasance fuskar Nijeriya. Sai ga 15 ga Janairu 1966. Aka kashe Sardauna a gidansa, Malam yana cikin waɗanda suka tsaya a kan jana'izarsa a ranar da mutane da yawa suka rufe ƙofofinsu. Inuwar da yake aiki a ƙarƙashinta ta gushe dare ɗaya.

Daga nan ne, a ganina, aikin da aka karrama shi dominsa ya fara sosai. Ya zauna a Masallacin Sultan Bello na Kaduna yana tafsiri da karantar da littattafai, Rediyon Kaduna kuma yana ɗauka yana watsawa. Tafsirin azumi tsohuwar al'ada ce a wurinmu: alaramma ya ja baki, malami ya fassara yana bin Jalalaini, jama'a su saurara su watse. Abin da rediyo ya sauya shi ne iyakar zauren. Matar da ke cikin kulle a Funtuwa, direban babbar mota a hanyar Legas, ɗan kasuwa a Maraɗi ko Kumasi, duk sun zama almajirai ba tare da sun durƙusa gaban kowa ba. Hausarsa kuma mai sauƙi ce, ba ta da yawan ado, irin wadda ma'aikacin ofis da manomi za su ɗauka daidai wa daida.

Ya rubuta littafinsa na aƙida, Al-Aƙidatus Sahiha, wanda ya fito a 1972, inda ya soki abubuwa da dama na ɗariƙun sufaye. Ya rubuta tafsiri da Larabci mai suna Raddul Azhan, gajere, a kan tafarkin Jalalaini. Sa'an nan ya yi abin da nake ɗauka shi ne babban aikinsa: fassarar ma'anonin Alƙur'ani Mai Girma zuwa Hausa, wadda aka fara bugawa a Beirut.

Ya kamata a tsaya a kan wannan kaɗan, domin wanda ya tashi ya ga fassarar a kan kanta a ɗakin mahaifinsa ba zai ji girmanta ba. Malaman ƙasarmu sun shafe ƙarnoni suna fassara Alƙur'ani da baki. A Barno an sami tsofaffin mushafai da aka rubuta bayanin kalmomi da tsohon harshen Kanembu a tsakanin layuka. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, da Larabci. Amma a ɗauki Littafin daga Fatiha zuwa Nasi a zuba ma'anarsa a rubuce da Hausar boko, a miƙa wa duk mai iya karatu ya tafi da ita gida, wannan mataki ne da mutane da yawa suka ji tsoronsa, kuma tsoron yana da dalili. Mai fassarar baki yana iya faɗin kalma uku, ya koma ya gyara, ya dubi fuskokin masu sauraro. Mai rubutawa dole ya zaɓi guda, ta zauna har abada. Yaya za a yi da kalmar taƙawa, wadda tsoro bai ƙare ta ba? Yaya za a yi da ayoyin siffofin Ubangiji, inda harafi ɗaya na Hausa ke iya jefa mai fassara cikin wannan mazhabar aƙida ko waccan? Yaya za a bi jerin jimlar Larabci ba tare da an karya wuyan Hausa ba? Wanda ya taɓa gwada fassara wa ɗansa huɗubar Juma'a a hanyar dawowa daga masallaci ya ɗanɗani ɗigo daga wannan kogi. Aiki ne na lugga da nahawu da balaga da sanin harsuna biyu har ɓargo, wato ainihin irin aikin da aka ƙirƙiri lambobin masana dominsa.

Sai dai ba a ɓangaren nazari aka ba shi ba, a ɓangaren hidima aka ba shi. Dalilin yana cikin tsarin kyautar. Ɓangaren nazarin Musulunci da na adabin Larabci kowace shekara ana ware musu maudu'i guda, sai wanda ya yi rubutu a kansa ne zai shiga, har akan sami shekarar da za a riƙe kyautar idan ba a ga wanda ya cancanta ba. Ɓangaren hidima kuwa yana duba rayuwar mutum gaba ɗaya: wa'azi, kafa makarantu, shari'a, rubutu. Shi ya sa jerin waɗanda suka riga shi ya haɗa malamai da sarakuna da 'yan gwagwarmaya: Abul Hasan Nadawi na Indiya da Muhammad Natsir na Indunusiya a 1980, Shaihu Bin Baz a 1982, Ahmad Deedat na Afirka ta Kudu da Roger Garaudy na Faransa a 1986. Wannan girma ne babba. Amma ba zan ɓoye ba, ina jin wani ɗan ƙaiƙayi a raina: aikin da aka yi da Larabci ko Jamusanci akan kira shi bincike, wanda aka yi da Hausa kuwa sai a kira shi hidima, kamar dai zuba ma'ana cikin harshenmu rabon sadaka ne ga talakawa, alhali gumin ƙwaƙwalwar da ke cikinsa bai gaza na kowa ba.

Lambar kuma ba ta kashe wata gardama a gida ba. Na san cikin masu karanta wannan shafi akwai 'yan Izala, akwai Tijjanawa da Ƙadirawa, kuma a nan ƙasar baƙunci tukunya ɗaya muke ci. Ƙungiyar Izala, wadda Shaihu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, daga karatun Malam ta sha, kuma rabuwar kan da ta biyo baya ta shiga masallatai da gidaje, ta raba uba da ɗa a wurare da yawa. Masoyansa sun ga lambar a matsayin shaidar duniyar Musulmi cewa yana kan gaskiya. Masu saɓa masa sun ce Riyad ta saka wa abokin tafiyarta ne kawai. Ga kuma lokacin da ta zo: ƙasa tana tafasa kan shigar Nijeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi a 1986, rikicin Kafanchan ya ɓarke a watan Maris na 1987, Malam kuma ba mutum ne mai tauna magana ba. Ni dai abin da na gani shi ne, kowane kwamiti yana da idon da yake kallo da shi, na Landan da na Riyad duka, kuma faɗin haka bai rage ko wasali ɗaya daga fassarar ba. Hasali ma saɓanin ya haifar da alheri a fagen ilimi. Shaihu Nasiru Kabara, jagoran Ƙadiriyya a Kano, ya fito da tasa fassarar ta Hausa, Ihsanul Mannan, wadda ta bi wata hanya dabam musamman a ayoyin siffofi. Mai karatun Hausa ya wayi gari da fassara biyu daga manyan malamai biyu, yana iya buɗe su gefe da gefe ya ga inda kalma guda ta raba hanya.

Akwai wani zare da ya sake ɗaura wannan kyauta da ƙasarmu, wanda ba a cika ambatonsa ba. A shekarar 2000 aka ba Farfesa Abdullahi Ɗayyib na Sudan lambar a ɓangaren adabin Larabci. Shi ne marubucin Al-Murshid, babban littafin nan kan fahimtar waƙoƙin Larabawa da yadda ake ƙera su, ya koyar a Bakht al-Ruda, kuma shi ne ya jagoranci Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano a shekarunta na farko, wadda ta zama Jami'ar Bayero. Shi ma ya shafe shekaru yana tafsiri a Rediyon Omdurman da Larabcin da talakan Sudan ke ji. Mutum biyu ke nan da Kano ta sani, kowannensu ya ɗauki ilimin zaure ya kai shi bakin makirfo.

Malam bai daɗe ba bayan karɓar lambar. Ya ci gaba da karatu a Kaduna, gidansa a buɗe ga mai tambaya da mai bukata, kuma ko waɗanda suka yi shekaru suna yi masa raddi ba su cika tuhumarsa da tara abin duniya ba. A ƙarshen rayuwarsa ya ba da tarihinsa, wanda Isma'ila Tsiga ya rubuta da Turanci aka buga a 1992 da sunan Where I Stand. Ciwo ya tsananta, aka kai shi asibiti a Landan, a can ya cika ranar 11 ga Satumba 1992. Aka dawo da shi Kaduna, aka yi masa salla cikin taron da garin ya daɗe bai ga irinsa ba. Allah ya gafarta masa, ya gafarta wa malamanmu baki ɗaya.

Fassarar tasa kuwa ta koma hannun Cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani da ke Madina, wadda aka buɗe a 1984, ana buga ta tare da nassin Larabci ana raba wa alhazai da masallatai. Wanda ya je Harami ya duba kantocin da ake jera fassarori, tsakanin ta Urdu da ta Turkanci da ta Indunusiya, zai iya cin karo da ita, da sunan Abubakar Mahmud Gumi a shafin farko.